Waƙoƙin Majami'a da Gyaran Zumunci a Ƙasar Dutse

Tun zamanin da, waƙa ba abin wasa ba ce a ƙasar Hausa. Da ita a ke zuga manoma ran gayya, da ita a ke yabon sarakuna, da ita kuma malamai su ke koyar da farilla da sunna ga wanda bai iya karatu ba. Tana haɗa mutane, tana kuma raba su, gama zambo ɗaya ya isa ya ɓata zumuncin shekara arba'in. To, akwai wata irin waƙa wadda a ke yi da Hausa kowace Lahadi a Dutse da Birnin Kudu da Haɗeja, amma yawancin mutanen garuruwan nan ba su taɓa tsayawa sun saurare ta ba, sai dai su ji amonta ta bayan katanga. Ita ce waƙar majami'a, wadda masu ita su ke kira waƙar bishara. Abin da za a duba a nan shi ne kyaunta da aibinta, da kuma iyakar abin da za ta iya yi wajen gyara tsakanin mutanen da suka ɓata.

Abin da ya sa a ke tambaya

Kafin 1991 Dutse gari ne na manoma da masu lambunan dabino, yana cikin Jihar Kano. Ran 27 ga Agusta na shekarar nan aka yanke Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Sai ga ma'aikata da 'yan kasuwa da magina suna ta kwararowa, Ibo da Yarbawa da mutanen Filato da na kudancin Kaduna da na ƙasar Bauci. Da yawa daga cikinsu Kirista ne, suka gina majami'unsu, kowa ya kama sana'arsa. Yawancin jama'ar garin Musulmi ne kamar yadda su ke tun da, aka kuwa zauna ana cin kasuwa ɗaya.

Cikin watan Satumba na 1991 ba wanda ya zaci abin da zai faru bayan shekara goma sha biyar. A Satumba ta 2006 magana ta bazu a gari cewa wata mace Kirista ta yi ɓatanci ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hankali ya tashi, aka ƙone majami'u fiye da goma, da kantuna da gidaje, mutane suka gudu barikin 'yan sanda neman mafaka. Tarzomar ta kwanta, aka koma ana zama tare. Amma kowa ya sani, ciwo ya kan warke ya bar tabo. Saboda haka tambayar ba ta masu neman nishaɗi ba ce. Tambaya ce ta mutanen da tilas su kwana a unguwa ɗaya, su sha ruwan rijiya ɗaya.

Abin da ya faru a Amurka

Ya kamata a fara leƙa wata ƙasa inda aka daɗe ana gwada ƙarfin irin wannan waƙa, don a sami ma'auni. A Amurka abin da ya raba mutane shi ne launin fata. Baƙaƙen da aka kwashe daga Afirka aka kai su bauta sun karɓi addinin iyayengijinsu, amma suka rera shi da muryarsu, mutum ɗaya ya bayar, jama'a su amsa, kamar yadda a ke yi a gonar gayya. Cikin 1871 ɗaliban makarantar Fisk ta birnin Nashbil, waɗanda yawancinsu an haife su cikin bauta, suka fita yawo da waƙoƙin iyayensu don su tara wa makarantarsu kuɗi, har suka kai Ingila. Wajen 1932 kuwa wani mawaƙi mai suna Thomas Dorsey ya gyara waƙar bishara a birnin Shikago ta zama yadda duniya ta san ta. Ran 28 ga Agusta 1963, sa'ad da mutane wajen dubu ɗari biyu da hamsin suka taru a Washinton suna neman a daina wariyar launi, Mahalia Jackson ta yi waƙa kafin Martin Luther King ya yi jawabinsa.

Duk da haka, ba a cika kwana ashirin ba aka sa bam a wata majami'ar baƙar fata a Bamingham, 'yan mata huɗu suka mutu. Fararen Amurka sun daɗe suna sayen faifan baƙi suna jin daɗinsa, alhali kuwa ba su yarda su zauna da su a benci ɗaya ba. Abin da ya karya wariyar shi ne dokar da aka kafa cikin 1964, bayan an sha duka da ɗauri. Babbar ƙungiyar majami'un Baptis ta kudancin ƙasar, wadda aka kafa cikin 1845 a kan goyon bayan masu bayi, sai a 1995 ta fito fili ta roƙi gafara. Waƙa ta ƙarfafa zukatan waɗanda aka zalunta, ta kuma hana su ramuwa da makami. Amma son waƙar mutum dabam, ba shi hakkinsa dabam. Wannan shi ne ma'aunin da za a riƙe.

A ƙasar Hausa ba launi ya raba mutane ba, gama duka baƙaƙe ne. Abin da ya raba su shi ne addini, da ƙabila, da maganar ɗan ƙasa da baƙo, da kuma tsohon miki na zamanin hare-hare da kamun bayi, irin wanda aka yi ta yi tsakanin mutanen duwatsun Ningi da na gabashin ƙasar Kano cikin ƙarni na 19. Kalmomin raini da a ke jifan juna da su har yanzu ragowar zamanin nan ne.

Inda waƙoƙin suka fito

Cikin 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. Miller ya sami zama a Zariya cikin 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa, inda aka gina majami'a da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa cikin 1929. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana 'yan mishan wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. Sai wajen 1937 aka bar ƙungiyar S.I.M. ta kama aikin jinyar kutare a Kano da Katsina da Sakkwato, daga nan ta buɗe ƙananan tashoshi a ƙauyuka, har da Roni da Garun Gabas waɗanda yanzu su ke cikin Jigawa. Yawancin Hausawan da suka zama Kirista a wannan yanki daga Maguzawa suka fito. Watau ba dukan mai zuwa majami'a a Jigawa ne baƙo ba. Akwai waɗanda kakannin kakanninsu a nan aka binne su.

An gama fassara Littafi Mai Tsarki duka da Hausa cikin 1932. Turawan mishan suka ga a kan tudun Jos da kwarin Binuwai harsuna sun fi ɗari, ba dama a yi wa kowanne littafi. Sai suka ɗauki Hausa ta zama harshen majami'a da makaranta. Ta haka ne Birom da Angas da Tangale da Bura, waɗanda da ba mai jin maganar wani, suka sami littafi ɗaya wanda a ke kira Littafin Waƙoƙi. Har yanzu shi ne a hannun masu sujada da Hausa, daga Jos har Dutse.

Kyaun Littafin Waƙoƙi da aibinsa

Babban kyaun littafin nan yana cikin kalmominsa. Masu fassara ba su ƙago sabbin kalmomi ba, sai suka ɗebo daga rumbun da Hausawa Musulmi suka riga suka cika: Allah, Ubangiji, mala'ika, annabi, zunubi, tuba, gafara, alheri, albarka, sujada, addu'a. Saboda haka in Musulmin Dutse ya tsaya ya saurara, zai tarar ya san yawancin kalmomin tun yana makarantar allo. Zai ji ana roƙon gafarar zunubi, ana tuna mutuwa da ranar hisabi, ana cewa duniya ba matabbata ba ce. Waɗannan su ne abubuwan da waƙoƙin wa'azi su ke faɗa tun zamanin Shehu Usmanu, su ne kuma Malam Aliyu Namangi na Zariya ya cika Imfiraji da su. Ba ƙaramin abu ba ne mutane biyu su zama suna kiran tsoronsu da begensu da suna ɗaya.

Amma kada a ruɗi kai. Akwai wuraren da addinan nan biyu suka rabu sarai, musamman a kan matsayin Annabi Isa, alaihissalam, wanda Kirista su ke kira Yesu Almasihu. Waƙoƙin ba su ɓoye wannan ba, ba kuwa daidai ba ne a nemi su ɓoye. Sulhun da aka gina a kan cewa duk ɗaya ne ginin toka ne, ruwan farko zai tafi da shi. Abin da a ke nema shi ne kowa ya riƙe nasa, ya kuma san maƙwabcinsa mai tsoron Allah ne bisa ga abin da ya gaskata.

Aibin littafin kuwa yana wajen karinsa. Yawancin waƙoƙin an fassaro su ne daga Turanci, aka bar musu muryar da aka yi su da ita a Ingila ko Amurka. To, waƙar Hausa tana tafiya ne bisa nauyin gaɓa, wata doguwa wata gajera, harshen kuma yana da hawa da sauka na murya waɗanda su ke bambanta ma'ana. Kowane yaro ya san kukan jariri dabam da kukar da a ke miya da ita, garin da a ke zaune ciki dabam da garin da a ke tuwo da shi, ko da ya ke rubutunsu ɗaya. Muryar Turawa ba ta san wannan ba. Sai ta ja gaɓar da ya kamata a gajarta, ta ɗaga wadda ya kamata a saukar. Wanda ya tashi cikin majami'a ya saba, har abin ya zama masa daɗi, gama yana tuna masa da uwarsa. Amma Bahaushen da ke wucewa a waje kunnensa ya kan gaya masa cewa wannan Hausa ce cikin rigar aro. Waƙar da aka yi da harshensa sai ta ƙara tabbatar masa cewa masu yin ta baƙi ne.

Waƙoƙin mata

Mata ne suka gyara abin da littafi ya ɓata. A yawancin majami'un Arewa akwai ƙungiya wadda a ke kira Zumuntar Mata. Suna ɗaura zane iri ɗaya, suna gai da marasa lafiya, suna taimakon gwauraye da marayu, suna kuma shirya waƙoƙinsu da kansu. Da fari Turawan mishan da yawa sun ƙi ganga, don suna ganin ta bori ce, kamar yadda malaman Musulunci da yawa suka ƙi ta. Sai a hankali aka sassauta, musamman daga farkon shekarun 1960, sa'ad da ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa suka riƙa shiga ƙauyuka da kiɗa. Matan nan suka ɗauko tulu suna buga bakinsa, da ganga, da kuge, da kacau-kacau. Zabiya ta bayar, saura su amsa.

In an auna da ma'aunin waƙar Hausa, waɗannan su ne mafi kyau cikin dukan waƙoƙin majami'a. Muryar daga cikin maganar ta fito, saboda haka ba a karya kalma. Amshin gajere ne, wanda bai iya karatu ba ya kama shi nan take. Abin da su ke magana a kai kuwa shi ne abin da ke cikin gida: haƙuri da miji, renon 'ya'ya, sharrin gulma, baƙin cikin rashin haihuwa, yafe wa wanda ya cuce ka. Matar da ta saba jin amada irin ta Barmani Coge, ko waƙar shantu ta 'yan matan amarya, ba za ta ji baƙunci a nan ba. Wanda ya san tarihi ma zai tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, yadda ta riƙa shirya waƙoƙi tana ba jajis su kai wa matan ƙauye. Addini dabam, amma dabarar ɗaya ce. Gaskiyar masu magana, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Su ma suna da nasu aibi. Wani lokaci amshi ya kan yi ta maimaituwa har ma'ana ta ƙare a bar kiɗa kaɗai. Da yawa daga cikin masu shirya su Hausa ba harshen uwarsu ba ce, sai a ji an mai da mace namiji, ko an bar lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Bai kamata Bakano ko Badutse ya yi dariyar wannan ba, gama wanda ya bar harshensa ya yi addu'a da naka ya girmama ka. Amma da masu waƙar za su riƙa nuna wa 'yan'uwansu Hausawan ƙauyukan Jigawa da Kano kafin su fitar, da waƙar ta ƙara shiga kunnen gari.

Mawaƙan zamani

Rediyo ce ta fara fitar da waƙar bishara daga cikin katanga. Tashar ELWA ta Laberiya, wadda aka buɗe cikin 1954, ta yi shirye-shirye da Hausa. Haka kuma Muryar Bishara, wadda a ke shirya mata Hausa a Jos ana watsawa daga Adis Ababa, tun daga 1963 har sojan Habasha suka ƙwace tashar cikin 1977. Daga baya kaset ya zo, sa'an nan wayar hannu. Mawaƙa irin su Panam Percy Paul da Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka haɗa Hausa da jita da kayan kiɗan Turawa, har mutanen Ikko waɗanda ba su jin Hausa suka riƙa rera waƙoƙinsu.

Mafi kyaun waƙoƙin nan su ne na godiya, gama godiya ga Allah ba wanda zai ji ta ya ɓata rai. Mafi rauni kuwa su ne waɗanda wasu ƙananan mawaƙa su ke yi, masu yawan ambaton maƙiya da roƙon a hallaka su. Ko da mai waƙar Shaiɗan ya ke nufi, a garin da aka taɓa ƙone-ƙone maƙwabci ba zai fassara ta haka ba. Haka nan kuma lasifika. Waƙar da ta yi daɗi a cikin ɗaki, in aka ɗora ta bisa rufi da tsakar dare ta zama tsokana. Wannan magana ta hau kan mai majami'a, ta kuma hau kan mai wa'azin da ke ɗaga murya yana kiran maƙwabcinsa da sunan raini.

Iyakar abin da waƙa ta yi

In aka tara duka, za a ga waƙar majami'a ta yi babban aiki guda. Ta haɗa ƙabilun da da su ke gaba da juna ta zaunar da su a benci ɗaya. A majami'ar Dutse ran Lahadi, Basaye da Batangale da Bahaushen ƙauye suna buɗe shafi ɗaya su tashi tare. Wanda ya san yadda kakanninsu suka zauna ba zai raina wannan ba. Amma aikin a cikin katanga ya tsaya. Rabuwar da ta fi tsanani, watau tsakanin Musulmi da Kirista, waƙar ba ta ƙetare ta ba tukuna, ba kuwa za ta ƙetare ita kaɗai ba.

Inda aka ga sulhu na gaske a Arewa, ƙafa ce ta yi shi. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yi yaƙi da juna a Kaduna cikin 1992. Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa. Cikin 1995 suka sadu, suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai. Da taimakonsu shugabannin addini 22 suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna cikin 2002, aka kuma sasanta mutanen Yelwa da Shandam cikin 2005. A watan Yuni na 2018 Liman Abubakar Abdullahi na wani ƙauye a ƙasar Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Ba ɗaya daga cikin mutanen nan da ya yi aikinsa da waƙa. Amma abin da suka aikata shi ne ainihin abin da waƙoƙin ɓangarorin biyu su ke ta faɗa kowace rana, watau gafara da tausayi da hakkin maƙwabci.

Ashe amfanin waƙa shi ne ta shirya zuciya, kamar yadda ruwan farko ya ke tausasa ƙasa. Shuka kuwa sai an fita da fartanya. Zumuntar Mata ta riga ta san hanyar, gama sunanta ma daga zumunci aka ciro shi, Hausawa kuwa sun ce zumunci a ƙafa ya ke. Matan da suka iya zuwa gaisuwar mutuwa a gidan 'yar majami'arsu sun iya zuwa gidan maƙwabciyarsu Musulma, ita ma ta rama ran suna. Dattawan unguwa da limamai da fastoci su san gidajen juna tun ana zaune lafiya, don ran da jita-jita ta tashi a sami wanda za a buga wa ƙofa kafin yara su kai ga ashana. Hukuma kuma ta tsaya a kan gaskiya, ta hukunta mai ɓatanci da mai ƙone-ƙone bisa doka, gama wanda aka ƙone wa kanti ba waƙa za ta mayar masa da jarinsa ba.

Ga mawaƙan majami'a kuwa, abin da ya rage musu shi ne su tuna cewa bayan katanga akwai kunne. Su yi waƙa da Hausar da mai wucewa zai ji ya ce tasa ce, su faɗi bangaskiyarsu ba tare da habaici ba. Ɗan Maraya Jos ya yi shekaru yana waƙar talaka da kuntiginsa, Musulmi da Kirista suna saurare, ba wanda ya tambayi addinin ɗan'uwansa kafin ya matsa masa wuri. Ba a ce waƙar ibada ta zama kamar tasa ba, gama kowace da aikinta. Amma ta nuna kunnen mutanen ƙasar nan ɗaya ne. Allah ya zaunar da ƙasar Dutse lafiya, da sauran ƙasa baki ɗaya, amin.